Shokazoba a Motar Jif: Tsakanin Ƙarfi da Dacewa

A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke ƙaramar hukumar Dala, inda 'yan kayan gyaran mota na birnin Kano suka yi sansani, akwai buƙatar da masu Hilux da Prado da Land Cruiser ke yawan zuwa da ita: a ba su shokazoba mai ƙarfi. Wani bayan motarsa ne ke durƙushewa idan ya yi lodin hatsi daga Dawanau. Wani so yake a ɗaga masa motar ya sa mata manyan tayoyi. Wani kuma gargadar hanyar garinsu ce ta ishe shi, motar na ta tsalle da shi har kansa na dukan rufi. Su ukun abu ɗaya suke tambaya, alhali cutarsu uku ce daban-daban, kuma biyun farko ba shokazoba ce maganinsu ba.

Wannan ruɗani ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, musamman tun 2023 da darajar naira ta faɗi, kayan mota suka yi tashin gwauron zabi. Amma asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Ƙafar mota ce ke danne taya a ƙasa, taya kuwa ita kaɗai ce ke haɗa mota da hanya. Ta cikinta birki ke kamawa, ta cikinta sitiyari ke juya mota. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga abin da ke biyo baya idan mota ta ƙwace wa direba. Don haka abin da nake so mai mota da makanikensa su riƙe shi ne, shokazoba mai kyau ita ce wadda ta dace da sifirin ɗin motar, da nauyin da take ɗauka kullum, da irin hanyar da take bi. Tauri da tsada ba su ne ma'auni ba.

Rabon aiki a ƙarƙashin mota

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shi ke yanke tsayinta daga ƙasa, shi ke lanƙwasa idan taya ta hau tudu, shi ke miƙewa idan ta faɗa rami. Sai dai ba ya cinye ƙarfin da ya karɓa, mayar da shi yake yi nan take. Da za a bar shi shi kaɗai, rami guda ya isa ya sa motar ta yi ta sama da ƙasa sau da yawa kafin ta natsu, kuma duk sa'ad da ta yi sama, tayar na sassauta kamun da ta yi wa ƙasa.

Aikin shokazoba shi ne kashe wannan rawa. Bututu ce cike da mai, a cikinta akwai fistin da ke haɗe da sandar ƙarfe. Fistin ɗin na da ƙananan huji da wasu siraran faifan ƙarfe da ke rufe bakinsu. Idan ƙafa ta motsa, sai fistin ya ratsa cikin man, man kuma dole ya kurɗa ta waɗannan huji. Mai ƙosai ta san wannan a hannunta: in ta ja matsami a hankali cikin mai ba ta jin komai, in ta fizge shi da sauri sai man ya turje. Haka shokazoba take, gwargwadon saurin motsi, gwargwadon turjiya. Ƙarfin da sifirin ya so ya mayar, sai ta mai da shi zafi, iska ta kwashe.

Turjiyar iri biyu ce. Akwai ta lokacin matsewa, sa'ad da taya ke yin sama, akwai ta lokacin miƙewa, sa'ad da sifirin ke tura taya ƙasa. A yawancin motoci ta miƙewa ta fi ƙarfi, domin ita ce ke riƙe sifirin kada ya harba motar sama.

Wanda ya fahimci wannan ya san shokazoba ba ta ɗaukar kaya. Hilux mai ƙofa huɗu, nauyin da kamfani ya ƙayyade mata bai wuce kimanin tan guda ba, har da direba da fasinjoji. Buhun masara goma masu kilo 100 kowanne sun cinye wannan ƙa'ida. Wanda ya ɗora ashirin, babu shokazobar da za ta hana bayan motarsa zama. In sifirin ne ya gaji, sifirin za a gyara. In kaya ne suka yi yawa, kaya za a rage.

Zafi, ƙura da ruwa

Motar jif a Arewa ba iri ɗaya take wahala ba. Akwai burjin ƙauyukan Shanono da Bagwai da Kunchi, akwai duwatsun yankin Doguwa da Riruwai, akwai rairayin Machina da Yusufari, akwai taɓon fadamar Haɗejiya da Nguru. A cikin birni kuma ga ramuka da tudun rage gudu. Amma a duk cikinsu, gargadar burji ce ta fi cin shokazoba. Rami duka ɗaya ne, a wuce. Gargada kuwa tana sa fistin kai-komo sau da yawa a kowace daƙiƙa, kilomita bayan kilomita, babu hutu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, iskar da ya kamata ta sanyaya bututun ita ma zafi gare ta.

Idan mai ya yi zafi sai ya tsinke, ya soma kumfa. Kumfa kuwa matsuwa take yi, ba ta turjewa, sai fistin ya riƙa wucewa salin-alin. Direba zai ga a farkon tafiya motar na zaune daram, can an yi nisa sai ta soma lilo, gaba na nutsewa yana tasowa, baya na zillewa a kwana. Ya kwana a gida, da safe ya kai ta gareji, makanike ya danna ya ce, "Alhaji, ai lafiyarta ƙalau." Dukansu gaskiya suka faɗa. Man ya huce ne cikin dare, kumfar ta kwanta. Irin wannan direban shi ne ke da haƙiƙanin dalilin sauya shokazoba zuwa wadda ta fi ta kamfani juriyar zafi.

Ƙurar hunturu kuma a kan sandar take zama, ta riƙa gogar robar da ke tare mai har ta cinye ta. Shi ya sa robar rufi da ke lulluɓe sandar, wadda wasu ke yarwa in ta yage, take da daraja fiye da kuɗinta. Ruwan Agusta na kawo nasa: tsatsa a sanda da wurin ɗauri, da taɓo da ke bushewa a jikin bututu ya hana zafi fita. Wanke ƙarƙashin mota bayan tafiyar damina yana ƙara wa ƙafa kwana.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Dogayen hanyoyin burji na Ostireliya ne suka haifar da kamfanoni irin su Old Man Emu da Tough Dog da Ironman. Gasar tseren motoci daga Faris zuwa Dakar, wadda tun zagayenta na farko a 1979 ta ratsa ta Agadas, ta zama fagen da aka riƙa gwada shokazoba a zafi da rairayi irin namu.

Ire-irenta da abin da kowace ta iya

Ta farko ita ce mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Ita ce yawancin motoci ke fitowa da ita daga kamfani. Tana da laushi, kuɗinta da dama, kuma in dutse ya lotsa bututun waje, na ciki na ci gaba da aiki. Rauninta shi ne zafi ba ya saurin fita daga cikinta. Akan ce wannan "mai gas" ce, waccan "mai mai" ce, har wasu na zaton ta farkon babu mai a cikinta. Dukansu da mai suke aiki. Iskar naitirojin da ake ɗura wa mai gas tana danne man ne kawai don kada ya yi saurin kumfa.

Ta biyu ita ce mai bututu ɗaya. Wani injiniya Bafaranshe, Bourcier de Carbon, shi ya fito da ƙirarta a farkon shekarun 1950, kamfanin Bilstein na Jamus kuma ya soma sa ta a motocin Marsandi a 1957. A cikinta akwai fistin na biyu da ke raba mai da iska, ba sa haɗuwa ko kaɗan, kuma man na jingine da bangon da iskar waje ke bugawa, don haka tana saurin hucewa. A gargada ta fi. Sai dai in dutse ya lotsa ta, fistin ya maƙale, ta gama aiki. Kuma iskar da ke cikinta na da matsin gaske, shi ya sa ba a huda ta, ba a yi mata walda, ba a jefa ta a wuta.

Ta uku ita ce mai ɗan tanki a gefe, irin ta Fox da King na Amurka, ko BP-51 ta Old Man Emu. Tankin na ƙara yawan mai, ya ƙara wurin fitar zafi. Ita ce ƙarshe wajen juriya, amma an yi ta ne don a riƙa buɗewa ana sauya mai da roba, ana sake ɗura naitirojin da ma'auni. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa a kanta, ya fara sanin wa zai yi masa wannan hidima, kuma ina zai samo robobinta. In babu amsa, gara mai bututu biyu mai kauri, ko mai bututu ɗaya ta kirki. Ga mafi yawan masu jif, ta ainihi daga Toyota ko KYB ko Monroe ko Bilstein ta wadatar.

Kowace mota da ƙirar ƙafarta

Kuskure ne a ce "shokazobar Hilux" a tsaya nan. Hilux ɗin da ta fito daga 2005 zuwa yau, gabanta sifirin mai naɗi ne da ya zagaye shokazoba, bayanta kuma sifirin mai falle-falle. Wadda ta gabace ta, daga 1997, gabanta sandar murɗa ce, wato doguwar sandar ƙarfe da ke murɗuwa ta yi aikin sifirin. Land Cruiser 79, akori-kurar da jami'an tsaro da matafiya Sahara suka amince wa, gaba da baya duk aksul ɗin dunƙule ne, kuma tun 1999 gabanta mai naɗi ne, bayanta falle. Land Cruiser 80 ta 1990 naɗi ce gaba da baya. Ta 100, wadda ta zo a 1998, sandar murɗa ce a gaba. Ta 200, daga 2007, ta koma naɗi. Prado 120 ta 2002 da 150 ta 2009 naɗi ne, amma wasunsu jakar iska ce a baya.

Akwai kuma masu ƙafar da ke aiki da famfo da kwamfuta. Lexus LX470 da LX570 na ɗaga kansu su sauke ta hanyar wani mai na musamman da ke zagaya bututai. In suka soma tauri, sau da yawa ƙwallayen iskar da ke jikin tsarin ne suka mutu, ba shokazoba ba. Zuba musu man birki ko man giya yana lalata tsarin gaba ɗaya. Wasu Prado da Land Cruiser 200 kuma suna da tsarin KDSS mai haɗa sandunan hana tangaɗi na gaba da baya ta bututun mai, kuma akwai ƙa'idar da ake bi kafin a kwance ƙafarsu. Wanda bai san ta ba zai iya barin motar a karkace.

Ƙari a kan haka, motocinmu daga wurare daban-daban suke zuwa: Dubai, Amurka, Turai, Afirka ta Kudu. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma ƙafa na iya bambanta, haka tsakanin mai dizal da mai fetur. Lambar shasi ce ke raba gardama. Da ita ake neman kaya, sannan a kwanto tsohuwar a je da ita a gwada tsayi da wurin ɗauri.

Batun ɗaga mota

Sifirin ne ke ɗaga mota, ko zoben ƙarfe da ake cusawa a samansa, ko ƙara ɗaure sandar murɗa. Shokazoba biyo baya take yi, a zaɓo wadda tsayinta ya dace da sabon tsayin. Tsayi biyu ake aunawa: in ta miƙe ƙarewa, da in ta matse ƙarewa. Gajera za ta riƙa kaiwa ƙarshenta duk sa'ad da taya ta faɗa rami, ana jin "ƙwas", har wata rana kunnenta ya tsinke. Wadda ta yi tsawo kuma za ta matse ƙarewa kafin aksul ya taɓa robar tsayawa, sai ta karɓi dukan da ba nata ba, sanda ta lanƙwashe ko mazauninta ya tsage.

A motocin da ƙafafun gabansu ke motsi kowace da kanta, irin Hilux ta yanzu da Prado, masana ƙafar mota sukan tsaya a milimita 40 zuwa 50, wato kusan inci biyu. In an wuce nan, shaf ɗin da ke kai wa tayar gaba ƙarfi zai karkace fiye da kima, robarsa ta riƙa yagewa, mahaɗan ƙafa su riƙa mutuwa da wuri, tiyon birki ya ɗame, saitin taya ya ƙi zama. Sannan ƙafar ba ta da sauran wurin miƙewa, sai motar ta yi tauri a kan ƙananan ramuka.

Akwai wani abu ƙarami da ake yawan mantawa. A tsofaffin Hilux akwai bawul a saman aksul na baya, da siririyar sanda da ke haɗa shi da aksul ɗin. Shi ke gane ko motar na da lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi ko ya rage. In an ɗaga bayan mota ba a sake saita shi ba, kullum zai ɗauka motar fanko ce, ya rage birkin baya ko da an cika ta da kaya. Fitilun gaba ma sai an sake saita su.

A kuma tuna, ɗaga jikin mota ba ya ɗaga tulun aksul daga ƙasa, girman taya ne ke yin wannan. Abin da ɗagawa ke yi tabbas shi ne ta kai nauyin motar sama. Jif dama doguwa ce. In aka ƙara mata tsayi, aka ɗora jarkoki da buhuna a kan rufi, kaucewa ɗaya ga ɗan adaidaita ko saniya a hanyar Katsina na iya kifar da ita. Haka batun ƙara falle: yana taimaka wa motar da kullum cikin lodi take, amma in fanko take yawo, bayanta zai riƙa tsalle yana zamewa, kuma tsohuwar shokazoba ba za ta iya riƙe sifirin da ya fi ƙarfinta ba. Ƙara falle kuma bai ƙara wa birki da aksul da shasi ƙarfi ba.

Yadda ake saiti

Yawancin shokazoba ba a saita su, yadda suka fito haka za su mutu. Amma akwai masu maɓalli. Rancho RS9000XL tana da matakai tara a ɗan maɓallin da ke gindinta. Wasu na Koni, kamfanin ƙasar Holan, sai an kwance su an matse ƙarewa sannan a murɗa, kuma turjiyar miƙewa ce ke sauyawa. Masu tsada suna da maɓalli biyu, na matsewa daban, na miƙewa daban.

Saiti yana son haƙuri da tsari. A fara da iskar taya, domin taya ce ke fara karɓar duka. Tayar da aka cika ta yi tauri za ta sa kowace shokazoba ta zama kamar ta lalace. A bi ma'aunin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a rage a rairayi, a mayar da zarar an hau kwalta. Sai a ɗora wa motar nauyin da ta saba ɗauka, a sa maɓalli a tsakiya, dama da hagu daidai. A zaɓi hanya guda mai rami da gargada da kwana, a bi ta da gudu iri ɗaya kowane karo. A sauya abu ɗaya kawai, mataki ɗaya ko biyu, a rubuta, a sake bi.

Motar da kanta za ta faɗi abin da take so. In bayan ta hau tudu ta yi ta lilo, turjiyar miƙewa ta yi kaɗan. In a jerin gargada tana ƙara durƙushewa ƙasa tana ƙara tauri, turjiyar miƙewa ta yi yawa, sifirin ba ya samun komawa kafin duka na gaba. In tana dukan robar tsayawa a rami, ko gabanta na nutsewa sosai a birki, a ƙara ta matsewa. In kowace tsakuwa ana jin ta a kujera, taya na tsalle maimakon bin ƙasa, a rage. Zoben da ake murɗawa a ƙarƙashin sifirin mai naɗi kuwa tsayi yake sauyawa, ba ya mai da sifirin mai laushi ya zama mai ɗaukar nauyi. Motar da aka sa wa ƙarfen gaba mai nauyi ko sulke, sabon sifirin take buƙata.

A kasuwa

Kaya iri huɗu mai saye zai tarar: sabuwa ta ainihi, ta Beljiyam da aka kwanto daga motar waje, sabuwa jabu a kwalin kamfani, da tsohuwar da aka huda aka ɗura wa mai aka toshe aka fesa wa fenti. Da yawa sun fi amincewa da ta Beljiyam, kuma suna da hujja, domin jabu ta yi yawa. Amma shokazoba kaya ce mai ƙarewa. Kamfanonin da ke ƙera ta irin su Monroe suna ba da shawarar a duba ta duk kilomita 20,000, a yi tunanin sauyawa wajen kilomita 80,000, kuma wannan lissafin hanyoyi masu kyau ne. Wadda ta riga ta yi shekaru a Turai, ba wanda ya san saura nawa a cikinta.

Ta ɗure ce ta fi ban tsoro. Man da ake zuba mata ba nata ba ne, robar da ta zubar da na farko na nan yadda take, iskar ta tsere, faifan fistin sun gaji. A hannu za ta yi tauri, mai saye ya ji daɗi, a hanya kuwa kwana kaɗan ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka sayar wa ta ɗure da sunan ta Beljiyam an zalunce shi, an kuma jefa fasinjojinsa cikin haɗari. A nan shugabannin kasuwa da ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar SON mai kula da ingancin kaya suke da aikin yi.

Mai saye ya duba da idonsa. Ya ja sandar waje ya ga ko tana sheƙi babu ƙarzuwa ko tsatsa. Ya shafa jikin bututun ya nemi tabon walda ko toshiya a ƙarƙashin sabon fenti. Ya tsayar da ita a tsaye, ya matsa ya ja sau da yawa: turjiyar ta kasance sumul daga farko har ƙarshe, babu wurin da hannu ke faɗawa. Mai gas kuma ta miƙe da kanta a hankali. Ya gwada biyun tare, su yi daidai. Ya nemi rasiɗi da alƙawarin sauyi. Ɗan kasuwa mai amana ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ganewa da ɗaurawa

Danna kusurwar mota a saki ba ya nuna komai sosai a jif mai nauyi. Alamun da suka fi su ne tayar da ta ci a gurbi-gurbi, man da ya gangaro jikin bututu har ƙura ta manne, ƙarar bugu daga bushin da ya mutu, da motar da ke buƙatar gyaran sitiyari kullum a miƙaƙƙiyar hanya. Ɗan danshi a saman bututu ba laifi ba ne. Akwai kuma gwajin tsofaffin direbobi: bayan tafiya a gargada, a kusantar da bayan hannu ga kowace shokazoba da kula, don tana iya ƙuna. Mai aiki za ta yi ɗumi. Wadda ta kasance da sanyi alhali 'yar'uwarta na da zafi, ta mutu.

Wajen ɗaurawa, biyu-biyu ake sauyawa, dama da hagu, iri ɗaya. Ba a kama sandar da filaya, don tabo ɗaya ya isa ya cinye roba. Sifirin mai naɗi da na'urar matse shi ake cire shi, ba da waya ko igiya ba, domin in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fuskar yaron gareji. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Daga nan sai saitin taya, sannan bayan 'yan kwanaki a koma a sake bin notuna.

Abin da ya kamata a fara

Idan kuɗi ba su da yawa, kuma ga yawancinmu haka ne, akwai jerin da ya fi riba. A fara da tantance aikin motar: nauyi nawa take ɗauka a yawancin ranaku, wace hanya ta fi bi. Sai taya mai kyau da iskar da ta dace. Sai bushin da mahaɗan ƙafa, waɗanda sau da yawa su ne tushen ƙarar da ake ɗora wa shokazoba. Sai sifirin, a auna tsayin kusurwa huɗu a ga ko ya gaji. Bayan duk wannan ne ake zaɓen shokazoba, a zaɓe ta don sifirin da ke motar. Ɗagawa ita ce ta ƙarshe, kuma sai in hanya ce ta tilasta, ba ƙawa ba.

Kano na da kanikawa masu basira, waɗanda ke gane ciwon mota daga sautinta. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan basira da awo: tef, ma'aunin iska, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da littafin kamfani, wanda yanzu ana samunsa a waya. Maigidan gareji ya koya wa yaransa su tambayi mai mota me yake ɗauka da ina yake zuwa kafin su kwance noti ɗaya, ya kuma iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ɗagawar ba za ta yi maka amfani ba," ko da zai rasa kuɗin aikin. Mai mota kuma ya saurari wannan shawara, ya daina auna gwanintar makanike da yawan abin da ya yarda ya yi. Motar jif takan ɗauki iyali, da ma'aikatan lafiya, da amfanin gonar shekara guda, zuwa wuraren da babu gareji babu asibiti a kusa, don haka gyaran ƙafarta amana ce a wuyan mai sayarwa da mai ɗaurawa da mai tuƙi.